Kawu Mai Zanen Alhilla Kuku

Sai bayan kwana goma sha tara da binne Kawu labarin rasuwarsa ya same mu. Muna Omdurman a lokacin, a gidan dangin mahaifina, iyali huɗu cikin ɗaki uku, tun da yaƙin Sudan ya fitar da mu daga unguwarmu Alhilla Kuku, wadda muke ce wa Hilla. Wani tsohon maƙwabcinmu ne ya samu hanyar waya ya aiko da saƙon murya. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar kowa, sannan ya ce, "Ku gaya wa Hajiya yayanta mai fenti ya rasu. Mun sa shi a filin bayan makaranta, don ba a iya kaiwa maƙabarta. Allah ya ba ku haƙuri." Iyakar saƙon ke nan.

Inna, mahaifiyata, tana zaune tana tsince wake lokacin da na kunna mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsintarta, ta ce, "Bai sha maganinsa ba. Ni na san shi. Bai sha ba." Can ta ajiye faifan ta fara faɗa, kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce masa mai taurin kai, ta ce tun yana yaro haka yake, ta ce ai sai da ta roƙe shi ya biyo mu. Sai da faɗan ya ƙare kukan ya zo.

Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, aka yi zaman makoki ba gawa, ba rumfa. Duk wanda ya zo yana da nasa mamacin, saboda haka idan aka ɗaga hannu aka yi Fatiha, ba ka san ko ta wa ake yi ba. Wata tsohuwa ta matso kusa da ni ta tambaya, "Wanne ne ya rasu a cikin kawunnanki, malamin ko mai zanen?" Na ce mai zanen. Ta ce, "Ayya," ta gyara zama, na ji a muryarta cewa abin ya zo mata da sauƙi. Wani tsohon direban hafila, irin ƙananan motocin haya na Khartum, ya sha kuka kamar zai shiɗe. Ya ce Kawu ne ya yi masa rubutun bayan motarsa har sau uku, kuma motar ma masu bindiga sun tafi da ita. Goggo, ƙanwar mahaifina, tana cikin share hawaye sai ta fashe da dariya, ta ce ta tuna ranar da ya zana ta da wushiryar da akuya za ta iya ratsawa. Mata suka harare ta, ta rufe baki da mayafi.

Babban Kawu, wan su Inna duka, wanda ya gaji mahaifinsu a koyar da karatu, ya zauna a kujerar roba yana jan carbi. Da aka matsa masa ya ce wani abu, sai ya ce, "Allah ya gafarta masa. An ba shi hannu, bai sa shi inda ya dace ba."

Kwana uku aka yi, ba wanda ya ambaci littattafansa na zane a bainar jama'a. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, duk da na san 'ya'yana ba za su iya karanta shi ba. Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da sunayen abinci.

Kawu dogo ne siriri, kullum da ɗigon fenti a jallabiyarsa, har ta Idi. Sana'arsa rubuta alluna da ƙawata motoci a kasuwar Suk al-Shabi, a wani lungu bayan masu sayar da taya. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta rasu, ba su haihu ba, bai ƙara ba. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina rarrafe, kuma idan na shigo yakan miƙe tsaye da gaske ya ba ni kujerarsa. Ba ya iya sauraron mutum hannunsa yana zaune. Kana ba shi labari yana zana ka a bayan kwalin shayi, idan ka motsa ya ce, "Tsaya mini haka, ban gama da kunnenka ba." Ya ce mutane suna gyara fuska idan sun san ana kallonsu, shi ya sa shi daga kunne yake farawa.

Son zane ya kama shi ne a Omdurman yana ɗan shekara tara ko goma. Akwai wani tsoho a gefen kasuwa mai sayar da tsofaffin mujallun yara da ake kawowa daga Alƙahira da Beirut, irin waɗanda ake ba da labari da zane, gida-gida, magana tana fita daga bakin mutum cikin da'ira. Kawu ƙwan magana yake kiran wannan da'irar. Yakan taka da ƙafa daga Hilla, ya haye gada, ya zauna a kan dutse gaban tsohon ya karanta har rana ta juya. Ya ce a nan ya iya Larabci sosai, ba a makaranta ba.

Wata rana mahaifinsu, Kaka Malam, ya kama shi da guda a cikin riga. Ya buɗe, ya daɗe yana duba wani mutum mai mayafi a wuya yana shawagi a saman gidaje.

"Wannan ina za shi?"

"Zai ceci mutane, Malam."

"Ya yi la'asar kuwa?"

Bai doke shi ba. Ya dai ce kada ya ƙara shigo da hoto gidan da ake karatun Alƙur'ani. Kawu ya mayar da ma'ajiyarsa garken awaki, ya cusa mujallun cikin rufin zana. Kafin mako ya zagayo wata akuya ta hau turmi ta cinye rabinsu. Shekara hamsin bayan nan, idan ya ba da labarin, sai ka ga har yanzu yana jin haushin akuyar.

Ya haura arba'in kafin ya fara nasa. Yakan ninke takarda, ya zana da alƙalamin tawada, ya kai a yi masa kwafi ashirin ko talatin, wani baduku abokinsa ya ɗinke masa bakin da zare. Ba wanda ke tashi sama a cikinsu. Labarin wani yaro ne ɗan Hilla mai son mujallu, wato shi kansa. Yaron ya ɗaura mayafin uwarsa a wuya ya diro daga katanga ya karya hannu, uwar ta fi jin zafin mayafin da ya yage. Yaron ya karanta labari har shafin ƙarshe ya tarar an yage shi, ya yi wata guda yana zagaya Omdurman yana tambayar yara yadda ya ƙare, kowa ya gaya masa daban. Akuyar nan ma ta samu littafi guda nata. Kuma duk maganar da ke cikin ƙwan, Hausa ce da haruffan Larabci, irin Hausarmu ta nan, mai moya a wurin ruwa, mai kalas a ƙarshen zance.

Yakan jera su kusa da gwangwanayen fenti. Direbobi su ɗauka su yi fifita da su. Matasa sun san haruffan amma ba su san maganar ba, sai su haɗa kalma da ƙyar su yi dariya su ajiye. Tsofaffin da suka san maganar kuwa, wasu idonsu ya mutu, wasu ba sa taɓa abin da ke da hoto. Na gama jami'a ina jin kaina, na ce masa, "Kawu, ka rubuta da Larabci mana, ka samu masu karatu."

Ya ce, "Uwata, wadda aka sa miki sunanta ba ta taɓa zagina da Larabci ba. In na sa mata shi a baki, wata mata ce daban."

Na ce to wa zai karanta.

Ya ɗaga kafaɗa. "Ke ba kya karantawa?"

Ina karantawa, amma ba kamar yadda yake zato ba. Duk wanda ya fito yakan kawo mini har gida, in duba sama-sama in yaba, in jefa saman kabad. Akwai wanda na shimfiɗa a ƙarƙashin kwalaben yaji. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Littafi ɗaya ne ya raba shi da wansa. A cikinsa ya zana Kaka Malam, wanda ya daɗe da rasuwa a lokacin. Yaron ya shigo garke da rana tsaka zai duba ma'ajiyarsa, sai ya hangi mahaifinsa tsugune bayan turmi, rawani a gwiwa, yana karanta ragowar mujallar da akuya ta bari, leɓensa yana motsi. Yaron ya ja da baya a hankali. Shafi huɗu ne, ba magana ko ɗaya a ciki. Ni a ganina bai taɓa zana abin da ya kai shi kyau ba.

Wani ya kai wa Babban Kawu. Ya ɗauko hafila tun daga Hilla har Suk al-Shabi, ya tsaya a gaban jama'a. Ina wurin, na kawo wa Kawu abinci.

"Ka mayar da Malam abin dariya a kasuwa."

"Yaya, ba wanda ya yi dariya. Kuma na gan shi da idona."

"Ka gani sai ka rufe. Ɗan halak rufewa yake yi."

"Ni a ranar na fara sonsa. Kafin nan tsoronsa kawai nake ji."

Babban Kawu ya ce ya tattaro duk kwafin ya ba shi. Kawu ya ce ba zai bayar ba. Ban taɓa jin ya yi wa wansa musu ba sai ranar. Daga nan gaisuwar Idi ce kaɗai tsakaninsu, shekara goma sha wani abu. Inna ta yi ta kai da komowa har ta gaji. Ba su shirya ba.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan mutane sun watse, Babban Kawu ya kira ni gefe. Ya daɗe yana gyaran murya. Ya ce, "Wannan na Malam ɗin. Kina da shi?" Na ce yana gidana a Hilla, in gidan yana nan. Ya ce, "Na manta fuskarsa ne. Ba mu da hotonsa." Ya juya ya tafi alwala. Wata biyar bayan nan shi ma ya rasu, zazzaɓi.

Makonnin farko na yaƙin muna Hilla tare. Kasuwa ta mutu, ba motar da za a yi wa ado. Sai ga wani aiki ya same shi wanda bai nema ba. Samari suna fita neman burodi ko ruwa ba sa dawowa, kuma wayoyin da hotunansu ke ciki an ƙwace a shingayen masu bindiga. Iyaye mata suna son abin da za su nuna a asibiti da bakin hanya. Wata ta tuna akwai mai zane a unguwa. Kafin kwana goma, kullum da safe akwai mata biyu ko uku a ƙofarsa.

Na zauna da shi ranar da wata mata 'yar mutanen Jazira ta zo neman ɗanta. Ya ce ta ba shi labarin yaron, kada ta damu da kamanni. Ta ce yana gyaran waya, ba ya cin bamiya, in zai yi ƙarya yakan taɓa gira. Kawu yana ji yana zane. Ya nuna mata, ta ce ba shi ba ne. Ya sake, ta ce ba shi ba ne. Sau biyar. Ana jin harbi daga wajen gada, ni duk na ƙosa. A na shida ya ce mata, "Juyo gefe, 'yar uwa," ya duba kunnenta da haɓarta, ya yi 'yan gyare-gyare, ya miƙa mata. Matar ta duba, ta zauna a ƙasa ta rungume takardar tana kiran sunan yaron. Ta kwance bakin mayafi za ta ba shi wani abu, ya ce ta mayar. Ya yi mata guda uku don kada ɗaya ya lalace. Ba ta samu yaron ba. A duk waɗanda ya zana, ban ji an samu ko ɗaya ba. Shi ma ya sani. Ya ce mini, "Uwata, ba na nema nake zana musu ba. Na ajiyewa ne."

Da muka samu motar da za ta zagaya da mu zuwa Omdurman, Inna ta je ɗaukarsa da kanta. Yana da ciwon suga, ƙafarsa ta hagu ta fara ciwo. Ya ce ba ya zuwa. Ya ce wurin zamansa a ba wata mai goyo, ya ce abin nan ba zai wuce wata ɗaya ba, ya ce gobe akwai mata biyu da ya yi wa alkawari. Inna ta kama hannun rigarsa tana ja, yana dariya yana cewa za ta yaga masa ita kaɗai mai kyau. Direba yana ta danna ƙaho. Ni na ɗauko takardun makaranta, da tukunyar gas, har da injin markaɗe. Littattafansa suna saman kabad, ban ko ɗaga kai na dube su ba. Ya raka mu bakin titi yana ɗingishi, ya ce mini, "Ki kula da 'yarki," yana nufin Inna. Ban ƙara ganinsa ba.

Sai bayan kusan shekara biyu hanya ta buɗe na koma Hilla, ni kaɗai, don Inna ta ce ba za ta iya ba. Gidana ba ƙofa, ba taga, ba kabad, har wayar wuta an zare daga bango. Na je filin bayan makaranta. Tudun ƙasa ne jere-jere, ruwan damina biyu ya baje su, wanda ya aiko mana da saƙo kuma ya tafi gabas da iyalinsa. Na tsaya a tsakiya na yi addu'a ga duk wanda ke wurin.

Ɗakin Kawu yana nan da rufinsa. A ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfen da yake ajiye ainihin zanensa, na shekara kusan talatin. A buɗe yake, an share cikinsa tas. Ina tsugune a gabansa sai na ji sallama. Maƙwabciyarsa ce ta jikin katanga, mai 'ya'ya biyar, wadda mijinta ya fita tun farkon yaƙi bai dawo ba. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Ta dubi akwatin, ta dube ni.

Ta ce, "Ba ɓarayi ba ne. Ni ce."

Na juyo na fuskance ta.

Ta ce gas ya ƙare, gawayi ya ƙare, sun ƙona kujeru da ƙyauren banɗaki. Itacen da yara ke samowa ɗanye ne, ba ya kamawa. Ruwan da suke ɗebowa kuma in ba a tafasa ba yara gudawa suke yi, ƙaramar ta kusa tafiya. Wata safiya Kawu ya miƙo mata damin takarda ta saman katanga ya ce ta hura wuta da shi. Ta duba ta ga zane ne, ta ce ba za ta iya ba. Ya ce mata takarda ce, kuma ta bushe da kyau.

"Kullum sai ya miƙo kaɗan. Amma kafin ya ba ni, sai ya tara yaran ya karanta musu, yana yin muryar kowa. Ba sa jin Hausa sosai, yana fassara musu. Su yi ta dariya. In ya gama sai ya ce, to kalas, a kai wa mama." Ta goge ido da bayan hannu. "Wata huɗu muna dafa ruwa da su. Da ƙafar ta ci ƙarfinsa, ni nake shigowa in ɗauka da kaina. Ranar da ya rasu saura kaɗan. Na riƙe su, wallahi na riƙe su, na ce na danginsa ne. Sai sanyi ya zo."

Ta ce in yafe mata. Na ce ba abin yafewa, shi ya ba ta. Na tambayi yaran, ta ce huɗu suna nan.

Muka zauna a bakin gadon. Na tambaye ta ko ya ci gaba da zane bayan tafiyarmu. Ta ce sosai, har tawada ta ƙare ya koma gawayin murhu. Ta ce akwai wani dogo da ya daɗe yana yi, ya fi sauran kauri, bai karanta wa yara shi ba, kuma shi ne na ƙarshe da ta sa a wuta.

"Ke ce a ciki," in ji ta. "Tun kina ƙarama har kika girma. Na gane ki sarai."

Na ce, "Me nake yi a ciki?"

Ta runtse ido. Ta daɗe tana ƙoƙari, ina ganin yadda take so ta samo mini wani abu. Sannan ta buɗe ido ta girgiza kai.

"Ki gafarce ni, 'yar uwa. Yunwa muke ji lokacin. Na manta."